Wa Zai Saurari Yaron Bencin Baya? Hanyar Zama Masanin Halayyar Ɗalibai Daga Daura

Shekarun baya, lokacin da nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo a ƙasar Daura, akwai wani yaro a ajina da har yau yake faɗo mini a rai. Kullum yana bencin baya, jikin taga. Rubutunsa ya fi na kowa kyau. Duk abin da na sa a allo sai ya kwafe shi tsaf, har wurin da alli ya karye mini na sake harafi. Ranar da na ce ya tashi ya karanta mana abin da ya rubuta da hannunsa, sai ya tsaya ƙiƙam, ido a kan littafi, leɓe na motsi, ko kalma ɗaya ba ta fito ba. 'Yan aji suka kwashe da dariya. A ranar na gane cewa zana haruffan yake yi, kamar yadda mai ɗinkin hula ke bin zanen da aka ajiye masa.

Na aika aka kira mahaifinsa. Ya zo a kan keke, ya jingine shi jikin dalbejiya, muka gaisa. Ya ce, "Malam, wallahi yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Shi ke riƙe mini lissafi a kasuwar Mai'aduwa, naira da sefa, bai taɓa ɓatar mini da ko sisi ba. In kuwa taurin kai ne, ku zane shi, ni na ba ku izini."

Na ce, "Baba, wannan ba ta bulala ba ce."

Ya ce, "To ta mece ce, Malam?"

Nan na yi shiru. Wataƙila idonsa ne ba ya gani sosai a kusa. Wataƙila kunne ne, tun yana ƙarami sautin haruffa bai shige shi daidai ba. Wataƙila firamare ce ta turo shi gaba ba tare da wani ya zaunar da shi ya koya masa haɗa baƙi da wasali ba. Wataƙila kuma matsalar nan ce da ake kira disleksiya, wadda ke hana yaro mai kaifin basira danganta harafi da sautinsa. Kowanne da maganinsa daban, kuma tantance wanne ne a ciki sana'a ce mai zaman kanta, da ake zuwa jami'a a koya shekara da shekaru. Yaron bai kai ga jarrabawar aji uku ba ya daina zuwa.

Mai wannan sana'a shi ne masanin halayyar ɗalibai. Ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, ba ya rubuta magani. Aikinsa ya auna yadda yaro ke koyo, ya lura da shi a aji da filin wasa, ya zauna da iyaye da malamai, ya gano inda gizo ke saƙar, sannan ya tsara abin da za a yi. In abin ya fi ƙarfin makaranta, shi ne zai san lokacin da za a tura asibiti. A makarantun gwamnati na ƙasar nan ba a saba ganin muƙami mai wannan suna ba. Wanda ya fi kusa da shi shi ne jami'in ba da shawara da jagoranci, wanda 'yan makaranta ke ce wa malamin gaidans.

Abin da gari ya riga ya gani

Mutanen Daura ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan abin da ke faruwa idan iyaye suka rasa inda za su kai ɗansu. A watan Oktoba na 2019, makonni kaɗan bayan an bankaɗo irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, 'yan sanda suka sanar da fito da mutum 67 daga wani gidan mari a unguwar Sabon Gari cikin Daura, daga ɗan shekara 7 har mai shekara 40, da yawansu da sasari a ƙafa. Duniya ta yi ta Allah wadai, kuma abin ya cancanci haka. Sai dai akwai tambayar da aka yi saurin tsallakewa. Yawancin waɗanda aka samu a irin waɗannan gidaje, 'yan'uwansu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Uwar da ɗanta ya fara shan kodin, ko ya fara ɗauke-ɗauke, ko ya daina barci yana surutai, ba ƙiyayya ce ta sa ta miƙa shi ba. Ta duba gabas da yamma ba ta ga wata ƙofa a buɗe ba sai wannan. Kuma kusan duk irin wannan yaro ya taɓa zama a wani aji, na boko ko na Islamiyya ko na allo, a lokacin da abin yake ɗan tsiro.

Shekara ɗaya bayan haka, daren 11 ga Disamba 2020, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, a daidai lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari yake hutu a gidansa na Daura. Allah ya sa aka sako su cikin mako guda. Amma yaron da ya yi kwanaki yana tafiya a daji da bakin bindiga a bayansa, dawowarsa gida ba ita ce ƙarshen labarin ba. Akwai firgita cikin barci, akwai kasa tattara hankali a aji, akwai tsoron ɗakin kwana. Ƙasar Daura, alhamdu lillahi, ta fi yammacin jihar Katsina kwanciyar hankali, amma yaran da iyayensu suka baro garuruwansu saboda 'yan bindiga suna nan warwatse a azuzuwan jihar.

Daga Ibadan abin ya faro

Aikin ba ɗalibai shawara ba sabon abu ba ne a Nijeriya. A 1959 wasu mata 'yan mishan na Katolika a Kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa ɗalibansu masu fita bayanin sana'o'i. Daga wannan zama ake ƙirga farkon aikin ba da shawara a makarantun ƙasar nan. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, wadda yanzu aka sani da CASSON. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci aikin da sunansa, kuma tsarin 6-3-3-4 da ya biyo baya an ɗora shi ne a kan zaton cewa a ƙarshen aji uku akwai wanda zai taimaki yaro ya zaɓi kimiyya, ko fasaha, ko kasuwanci, gwargwadon baiwarsa. Duk wanda ya yi sakandare a nan ya san yadda ake wannan rabo a zahiri: a duba makin lissafi, a ja layi.

Wani abin lura ga ɗan Daura shi ne, manyan dokoki biyu da suka shafi wannan fanni ɗan garin ne ya sa musu hannu. A 2022 Buhari ya rattaba hannu a kan dokar kafa majalisar da za ta yi wa masu sana'ar ba da shawara rajista ta kuma sa musu ido. A farkon 2023 kuma aka sanar da sa hannunsa a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta samu. Mutanen da za su ɗauke ta su kai ta aji su ne ba su wadata ba.

Matakalar, hawa-hawa

To a ce wata malama a Sandamu, ko wani matashi a Zango da ya gama sakandare bana, ya ƙudurta wannan aiki zai yi. Ta ina zai bi?

Tushe dai sakamakon sakandare ne: kiredit biyar a WAEC ko NECO ko makamantansu, a zama ɗaya ko biyu, ciki har da Turanci, galibi kuma da Lissafi. Kada wanda ya raina Lissafin nan don yana ganin fannin na zance ne. Gaba zai haɗu da ƙididdiga da ilimin aune-aune, kuma a nan ne da yawa ke yin tuntuɓe. Daga nan sai jarrabawar JAMB, a shiga digirin farko na shekara huɗu. Mai NCE yana da gajeriyar hanya, ya shiga kai tsaye a aji biyu ya yi shekara uku. Wannan ce hanyar da ta fi dacewa da yawancin malamanmu, tunda ga Kwalejin Yusufu Bala Usman a cikin Daura, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Katsina, ga ta Isa Kaita a Dutsin-Ma.

A matakin digiri hanya ta rabu, kuma nan ne ake yawan ɓata. Akwai digirin ilimi a fannin ba da shawara da jagoranci. Akwai digirin ilimin masu buƙata ta musamman, wanda Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero suka yi suna a kansa. Akwai kuma tsantsar ilimin halayyar ɗan'adam, wanda ke tsangayar kimiyyar zamantakewa, wanda Jami'ar Nsukka ta fara buɗe wa sashe a 1964. Mai wannan na ƙarshe ya fi sanin gwaje-gwaje da yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, amma a idon hukuma shi ba malami ba ne. In yana son aiki a makaranta, ko yana son digiri na biyu a tsangayar ilimi, sai ya yi babbar diflomar koyarwa ta PGDE, shekara guda, a jami'a ko ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Haka mai digirin Hausa, ko Kimiyyar Sinadarai, ko Nazarin Addinin Musulunci da ya ga yana da sha'awa. Sannan akwai rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, da jarrabawarta.

Digiri na biyu shi ne inda ake zama ƙwararre. A nan ɗan Daura sai ya kama hanya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a 2019, da Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a Disambar shekarar, alheri ne babba, amma injiniyoyi da masu fasaha aka gina su su fitar. Mai neman wannan fanni sai ya duba tsangayoyin ilimi na Katsina, mai nisan kimanin kilomita 80, inda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam suke, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko ya bi ta Kazaure ya shiga Kano, ko ya zarce Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da sashe sukutum na ilimin halayyar koyo da ba da shawara. Wanda aiki ko iyali suka ɗaure akwai jami'ar karatu daga gida ta NOUN.

Sharuɗɗan shiga sun yi kama da juna, ko da yake kowace jami'a da nata ƙarin, don haka a karanta sanarwar shekarar da kyau kafin a sayi fom. Ana son digirin farko mai daraja ta biyu, aƙalla ƙaramar, kuma jami'o'i da dama na neman matsakaicin maki 3.0 cikin 5.0. Mai daraja ta uku yawanci sai ya bi ta babbar difloma ya wanke sakamakonsa tukuna. Ana son takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa. Ana son wasiƙun shaida daga malaman da suka san mutum. Wasu sassan kan yi jarrabawar tantancewa ko ganawa ido da ido. Sai tiranskirif, wato cikakken sakamakon kwasa-kwasai, wanda tsohuwar jami'arka ce za ta aika wa sabuwar. Wannan takarda ta sha cinye wa mutane shekara guda cur. Na san malamin da ya cika kowane sharaɗi, ya biya kuɗin fom daga albashin da bai kai wata ba, aka rufe ɗaukar ɗalibai takardarsa tana kan teburin wani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da niyyar baɗi, yanzu ne lokacin nemanta.

Karatun kansa kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu a takarda, a aikace kuma yakan zarce, musamman in yajin aiki ya gitta. Ana karanta yadda yaro ke girma da yadda yake koyo, dabarun ba da shawara ga mutum ɗaya da ga rukuni, gwaji da aune-aune, halayyar da ta kauce wa daidai, ladubban sana'a irin su riƙe sirri, hanyoyin bincike, sannan a rubuta kundi a kare shi a gaban malamai. Mai son digiri na uku, yawancin jami'o'i na neman ya fito da maki 3.5 a na biyu, ya kuma tanadi aƙalla shekara uku.

Akwai maganar kuɗi, wadda ba a rubutawa a cikin sharuɗɗa amma ita ce babbar ƙofa. Asusun TETFund na ɗaukar nauyin ƙaro karatu, amma na malaman manyan makarantun gwamnati. Malamin sakandare ko na firamare sai dai ya nemi hutun ƙaro karatu, ya yi kuɗin makaranta da na mota da na buga kundi daga aljihunsa. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka jure suka gama, ba sa komawa aji. Sukan nemi koyarwa a kwaleji, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Sharaɗin da ya fi kowanne, shi aka fi sassautawa

A Amurka, inda sana'ar ta samo asali tun daga ɗakin duba yara da Lightner Witmer ya buɗe a Jami'ar Pennsylvania a 1896, ƙungiyar masu wannan aiki ta gindaya shekara uku bayan digirin farko, kuma shekarar ƙarshe gaba ɗayanta koyon aiki ne: sa'o'i 1,200 a ƙarƙashin idon ƙwararre, aƙalla 600 daga ciki a cikin makaranta. Burinsu masani ɗaya ga ɗalibai 500, ko da yake su ma ba su cim masa ba. A Ingila sai mutum ya yi digiri na uku na shekara uku kafin a ba shi lasisi. Ban kawo wannan don a ce mu kwafa ba. Jihar da ke fama da aji mai yara ɗari ba za ta jira masu digiri na uku ba. Abin ɗauka a ciki shi ne inda suka ɗora nauyin: a kan zama da yaro na gaske, wani gwani yana kallo yana gyara maka.

Mu ma muna da kwas ɗin koyon aiki a tsarinmu. Amma sau da yawa makonni ne ƙalilan, malamin da zai duba ka ya leƙo sau ɗaya ko biyu, a sa hannu a littafi, shi ke nan. Nauyin duka yana kan kundi. Sai mutum ya raba takardun tambayoyi ɗari uku a makarantu, ya fitar da jadawali, ya sami digiri, alhali bai taɓa zama da yarinya ɗaya mai kuka ba ya san ta inda zai fara. A ganina da za a tambaye ni gyara ɗaya tak, wannan ne: zango guda cikakke a makaranta ɗaya, da yara sanannu da ake bin lamarinsu daga farko zuwa ƙarshe, kuma kada a ba da shaida sai an ga aikin.

Na biyunsa harshe. Gwajin basira na farko, wanda Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar a Faris a 1905, an yi shi ne don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako, da Faransanci, a kan yaran Faransa. Waɗanda suka biyo baya, irin na Wechsler, an daidaita su a kan yaran Turai da Amurka. Ko ma'aunan da Farfesa C.G.M. Bakare na Jami'ar Ibadan ya tsara don ɗaliban Nijeriya, na ɗabi'ar karatu da na sha'awar sana'a, da Turanci suke. Ka ɗauki irin wannan ka ɗora wa yaron Ɓaure da ya haddace izu goma, yake canjin naira da sefa da ka, abin da za ka auna Turancinsa ne, ba basirarsa ba. Sakamakon kuma zai bi shi a fayil. Ga aikin digiri na biyu da na uku nan jibge ga 'ya'yan wannan ƙasa: ma'aunin karatu da Hausa, na boko da na ajami, da aka gwada a kan yaranmu. Wanda ya yi wannan ya yi wa Arewa duka da Damagaram aiki.

Kuma ba gwaji kaɗai ba. Yaro Bahaushe ba zai ce maka yana cikin damuwa ba. Zai ce kansa ke ciwo, ko zuciyarsa ke bugawa, ko kawai ya sunkuyar da kai don kunya, wadda tarbiyya ce ba cuta ba. Idan 'yan mata suka fara faɗuwa a makarantar kwana aka ce iska ce, za a kira malami ya yi ruƙiyya, kuma masanin da ya zo yana yi wa wannan kallon raini ya rasa iyayen tun kafin ya buɗe baki. Wanda ya tashi a nan ya san yadda zai zauna da liman da mai unguwa, a yi addu'a, sannan a tambaya ko yaran na cin abinci, ko jarrabawa ta matso, ko akwai wanda ke takura musu. Shi ya sa nake ganin mutanen da suka fi dacewa da wannan karatu suna nan cikin azuzuwan Daura, Zango, Ɓaure, Sandamu da Mai'aduwa, da alli a hannu. Musamman mata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma akwai maganar da 'yar aji biyar ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, komai digirinsa. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Katsina ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, ya ƙara yawan 'yan mata a sakandare. Kowace da abin da ta baro a gida.

In an dawo da takardar

Saura abin da ke jiran wanda ya gama. Na taɓa shiga ofishin ba da shawara na wata makaranta. Allon sunan yana nan a ƙofa. A ciki karyayyun kujeru ne har rufi, da kwalayen alli, da tsohuwar ƙararrawa. Malamar da ke da takardar fannin tana can tana koyar da Turanci a aji shida, saboda ba malamin Turanci, kuma shugaban makarantar ba shi da zaɓi. A wasu wuraren kuma akan haɗa wa mutum ɗaya ba da shawara da ladabtarwa. Yaron da ka zane da safe ba zai kawo maka sirrinsa da azahar ba.

Gyaran wannan bai kai gina jami'a tsada ba. Ɗaki mai ƙofa da makulli, awannin da aka ware a jadawali, da layin ƙarin girma da zai sa mutum ya tsufa a kan aikin ba tare da ya ga an bar shi a baya ba. Ƙananan hukumomi biyar ne a masarautar Daura. Da kowace za ta ɗauki nauyin malamai biyu a shekara, mace da namiji, su yi digiri na biyu da sharaɗin su dawo su yi aiki a inda suka fito, cikin shekara biyar an sami mutum hamsin. Attajiran garin da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ma za su iya, ko gwamnati ba ta motsa ba.

Bara na haɗu da yaron nan na bencin baya. Ya zama magidanci, yana da shagon kayan masarufi da yaran shago biyu. Shi ya gane ni, ya fito ya riƙe hannuna da hannu biyu. Bayan mun gaisa ya jawo wani ɗan yaro daga bayan kanta ya ce, "Malam, ga ɗanka, ajinsa uku a firamare. Malaminsu ya ce shi ma haruffa na ba shi wuya. Ina zan kai shi?"

Na ce ya fara kai shi asibiti a duba ido da kunne. Sannan na karɓi biro na rubuta masa, a bayan wata takardar rasit, sunan sashen ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Bayero, inda zai je ya yi tambaya. Ya karɓa ya yi godiya, ya ɗan dube ta, sannan ya miƙa wa yaron shagonsa ya ce ya karanta masa.